Na sayi gida a tsibirin Legas da hunturu, damina ta nuna min abin da na saya

Ranar Laraba 3 ga Yulin 2024, ranar da aka wuni ana tafka ruwa a Legas, ina tsaye a bakin ƙofa da tsumma da bokiti ina jiran ruwan titi ya ƙetaro dokin ƙofa, sai uwargida ta ƙwala min kira daga banɗaki: "Alhaji, zo ka gani, ta nan yake fitowa!" Ta ramin wanka yake ɓulɓulowa, baƙi ƙirin, da warin kwata. Kafin azahar ya shanye idon sawu a falo. Watanmu biyu ke nan da tarewa, ko ƙamshin fenti bai gama fita ba.

Shekarata 19 ina sayar da shadda da yadi a gefen kasuwar Balogun, duk a haya nake. Ba zan faɗi nawa na sayi gidan ba, 'yan'uwa suna karantawa. Tsohon gida ne mai ɗaki uku ta wajen Obalende, inda in ka fito da daddare za ka ji Hausa kamar kana Fagge. A Janairun 2024 dillali ya kai ni. Ƙasa a bushe, iska na kaɗawa, bango ya sha sabon fenti ruwan madara. Na zagaya sau biyu na ce Alhamdulillahi.

A lokacin hankalina gaba ɗaya yana kan kuɗi. Naira tana zubewa, mai gidan kullum sai ya turo dillali cewa farashin jiya ba shi ne na yau ba. Babban Banki ya bar kuɗin ruwansa a kashi 18.75 tun Yulin 2023, kuma duk wanda ke kasuwa ya san zaman da kwamitin bankin zai yi ƙarshen Fabrairu ƙari za a yi. Ni ba na taɓa bashin ruwa, don haka bankin da ba ya ta'ammali da riba na nufa. Amma kada wani ya ruɗe ka, su ma ba sadaka suke yi ba, ribar da za su ɗora tana kallon yadda kasuwa take. Suka ba ni zaɓi biyu: ijara, inda ake iya sake duba kuɗin haya lokaci-lokaci, ko murabaha, su sayi gidan su sayar min a farashi ɗaya tsayayye, in biya cikin shekara bakwai. Na ɗauki murabaha, na sa hannu saura kwana tara a yi zaman. Aka tashi an kai shi kashi 22.75, kafin shekara ta ƙare ya kai 27.5. Abokina da ya ce zai jira abubuwa su lafa, har yau yana jira. A wannan ɓangaren kam ina bugun ƙirji.

Sai dai saurin da ya cece ni a banki shi ne ya kayar da ni a gida. Na biya lauya ya bi takardu har ofishin filaye na jihar da ke Alausa, ya tabbatar magada duka sun sa hannu. Amma ban biya kowa ko sisi ya duba ƙasan gidan ba.

Kuma alamun suna nan, idona ne bai san karatunsu ba. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da kayan miya, ƙofarta an gina mata bulo biyu sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka. Firijinta a kan wani dandamalin siminti yake. Titin kansa ya fi daɓen gidana tudu da kusan taki ɗaya, saboda duk sanda aka sake gyaran titi sai a ƙara masa ciko, tsofaffin gidaje su yi ta nutsewa. Na ga duk wannan, na ɗauka salon gininsu ne. Ranar da muka fara aiki ta leƙo tana kallon ana shigo da tayil, ta ce da guntuwar Hausarta, "Alaji, ruwa fa." Na ɗauka ruwan sha take tambaya za ta sayar wa leburori. Na ce mata mun gode, Mama, akwai.

Gyaran da na yi, gyaran ɗan Kano na yi. Gidan yana da manyan tagogi na katako da wasu ramuka a saman bango kusa da rufi, irin na tsofaffin gine-ginen tsibirin, kamar waɗanda ake gani wajen Campos inda zuriyar mutanen da suka dawo daga Brazil suka zauna. Ni da na tashi ina yaƙi da ƙurar hunturu, rami a bango a wurina ƙofar ƙura ce da sauro. Na sa aka toshe. Aka rage tagogi, aka sa gilashi mai zugewa, aka sauko da silin aka yi masa ado da fitilu, aka manna sabon tayil a kan tsohon daɓe. Lissafina shi ne a rufe ko'ina ruf a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Duk wannan a lokacin da buhun siminti ya tashi daga dubu biyar da wani abu ya haura dubu 10. Sai ga Afrilu, aka mayar da kuɗin wuta na rukunin A, wato layukan da aka fi ba wa wuta, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, layinmu kuwa a ciki yake. Katin da a da zai yi wata ya koma kwana tara. Aka kashe na'ura, muka zauna cikin akwati mara iska. Ana kukan targaɗe, Yuli ta zo da karaya.

Bayan ruwa ya janye ne na ga ainihin ɓarnar. Fentin nan ruwan madara ya kumbura ya fara ɓarewa, ƙarƙashinsa ga wani layi ruwan ƙasa miƙe sambal daga kusurwa zuwa kusurwa, daidai ƙaurina. Ƙasa da shi akwai wani, sama da shi akwai wani. Shekara da shekaru ruwa yana sa hannu a bangon nan, aka shafe da fentin kwana ɗaya aka kawo ni. Na kira dillali, ya ce, "Haba Alhaji, ai duk tsibiri haka yake." La'adarsa kuwa ya karɓa cif.

Na buɗe durowa, babbar rigata ta Sallah ta yi fumfuna, hulunan zanna sun yi tabo-tabo, takalman fata sun yi kore kamar an shuka musu ciyawa. Ni mai sayar da shadda! Ƙarafan taga da mai walda ya kafa a Maris har sun fara zubar da jan hawaye a bango.

Wanda ya warware min zaren wani tsohon birkila ne ɗan Kwatano, da Mama ta turo min. Bai yi dogon surutu ba. Ya sa yaronsa ya haƙa rami a tsakar gida, bai kai ƙugu ba ruwa ya taso. Ya ce, "Alhaji, kai a kan ruwa kake kwana." Ya yi min bayani cewa kwatocin tsibiri a cikin tafkin Legas suke zubewa, tafkin kuma yana haɗe da teku. In aka yi ruwa mai yawa daidai lokacin da teku ta cika, kwata ba ta da inda za ta amayar, sai ta juyo baya ta nemi wurin da ya fi ƙasa. Gidana ne wurin. Sannan daɓen ba shi da leda a ƙarƙashi, shi ya sa ko ba ambaliya bango yana tsotsar danshi kamar lagwani.

Sai da muka farfasa tayil ɗin da ban gama biyan kuɗinsa ba. Ina tsaye ana dukansa da guduma, kowane bugu a ƙirjina. Aka yi ciko da jar ƙasa da yashi har muka ɗara titi, aka shimfiɗa leda mai kauri ta hau jikin bango, aka zuba kankare. Da daɓe ya tashi sai silin ya zo kusa da kai, dole shi ma aka cire shi, ado da fitilu duka. Aka kankare filasta har tsayin ƙugu aka bar bango ya sha iska sati uku. Tsohon ya hana a yi amfani da yashin da aka kawo, ya ɗanɗana da harshensa ya tofar, ya ce gishiri ne, zai ci rodi ya kuma fito da fari-fari a bango. A kan bututun banɗaki aka sa wani murfi mai barin ruwa ya fita amma ya hana shi dawowa. Kuɗinsa bai kai na fitila biyu daga cikin waɗanda na jefar ba. Da shi kaɗai na sa tun farko, da kafet ɗina yana nan. Soket duka aka ɗaga su zuwa ƙugu.

Sannan ya nuna ramukan da na toshe ya ce a buɗe. Na yi gardama kaɗan, don kunya. Aka buɗe, aka sa raga, aka mayar da tagogi manya masu fuskantar juna, na alminiyom, tunda ƙarfe ba ya jure iskar gishiri. Daren farko da muka kwana da fanka kaɗai, iskar teku ta ratsa ɗakin har sai da uwargida ta jawo mayafi. Ta ce, "To Alhaji, dama haka masu gidan suka bar shi." Ban ce komai ba.

Gyara na biyu ya ci kusan ninki ɗaya da rabi na na farko, kuma duk tsawon wata uku da muka yi rakuɓe a ɗaki ɗaya a gidan ƙanena a Idi-Araba, banki bai fasa cire kuɗinsa ranar 25 ga wata ba. Sai da na sayar da fulotin da nake ajiye da shi a hanyar Zariya. Shi ne abin da ban gama haɗiyewa ba.

In za ka sayi gida a tsibiri, ko Lekki da Aja, ka je masa a watan Yuni ko Yuli, ana tsakiyar ruwa, da takalmin roba. In dillali ya matsa sai yanzu, tafi da mukulli ka kankare fentin daidai gwiwa, ka auna daɓe da titi, ka leƙa ƙofar maƙwabta ka ga a kan me firijinsu yake zaune. Kuma ka ware kuɗin ƙasa kafin ka sayi ko fitila ɗaya.

Layin ruwa ɗaya na hana a shafe, a bayan ƙofar kicin. Daminar da ta biyo baya ruwa ya cika titi sau biyu, ya tsaya a matakala ta biyu. Mama tana zaune a kan bulonta tana gyaran attaruhu, ta hango ni ina leƙe, ta ce, "Alaji, ruwa fa." Na ce na gani, Mama. Saura shekara biyar da 'yan watanni in gama da banki.