Na cike fom ɗin NCE, ga lissafin da na yi kafin nan

Bana na yanke shawarar komawa makaranta in karanta aikin koyarwa, kuma tun da maganar ta fita a gidanmu kowa da irin abin da yake faɗi, wasu na sa albarka wasu na cewa wai me na gani a aikin malanta da zan ɓata shekara 3 a kai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda na auna abin, ko wata ko wani da ke wannan tunanin a nan Legas zai amfana.

Ni haifaffiyar Agege ce, iyayena daga Katsina suka zo, mahaifina harkar shanu yake yi a Abbatuwa tun kafin a haife ni. Da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, sai wata ƙaramar makarantar kuɗi a unguwarmu ta ɗauke ni ina riƙe mata aji biyu na firamare, da la'asar kuma ina taimakawa a islamiyya. Ma'ana dai koyarwar ina yin ta, takardar ce babu. Kuma rashin takardar nan ba ƙaramin abu ba ne, domin a ƙa'idar ƙasar nan NCE, takardar shaidar malanta da ake samu a kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar da mutum zai riƙe kafin a kira shi malami, sannan ga hukumar TRCN da aka kafa tun 1993 wadda ita ke yi wa malamai rajista, sai ka zauna jarrabawarta ka ci kafin ta ba ka lasisi. In ba ka da waɗannan, ko LASUBEB mai kula da firamare ko TESCOM mai kula da sakandare sun buɗe ɗaukar aiki kai sai dai kallo. Mai makarantar da nake yi wa aiki ma ya san haka, ya san ba inda zan je, shi ya sa in wata ya ƙare aka ce mu yi haƙuri iyaye ba su biya ba, haƙurin muke yi.

Hanyoyin shiga suna da yawa, kuma sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai digiri ko HND a wani fanni ba sai ya koma baya ba, PGDE zai yi, wato difloma ta koyon aikin koyarwa, wajen shekara guda ya gama, to wannan ba tawa ba ce. Akwai NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1976 lokacin da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ya cika makarantu da yara babu isassun malamai, ita karatunta daga nesa ne, ana haɗuwa a cibiya ƙarshen mako, kana aikinka kana karatu. Wallahi ta ja hankalina sosai don ba sai na ajiye aikina ba. Sai LASUED, jami'ar ilimi ta jiha wadda aka ɗaga daga kwaleji a 2022, babban harabarta na Oto-Ijanikin kan hanyar Badagry ɗayan kuma a Epe, digiri ne shekara 4. Amma duk wanda ya san Legas ya san me ake nufi da tashi daga Agege zuwa Ijanikin kullum, gosulon hanyar kaɗai ya isa ya cinye maka yini, zaman hostel kuwa maganar da ba za ta karɓu a gidanmu ba ce. Sai kwalejin ilimi ta tarayya da ke Akoka, kusa da UNILAG, wadda ƙarfinta ya fi a kimiyya da kasuwanci da sana'o'i. Ita na zaɓa, kuma gaskiya jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana cikin abin da ya ƙarfafa min gwiwa, in hau a Agege in sauka a Yaba, daga nan danfo ko keke zuwa Akoka.

Na bar NTI ne ba don raini ba, na san malamai nagari da suka fito ta can. Ni dai na san kaina, ina so in zauna a gaban malami kullum in yi tambaya a amsa min, lissafi nake so in karanta kuma lissafi ba ya son a bar shi sai Asabar.

Wajen rajistar JAMB ga abin da zan ja hankalin 'yan uwa a kai. Sai da NIN, za ka tura ta zuwa 55019 da layin wayarka a ba ka lambar da za ka sayi fom da ita, kuma layin nan a riƙe shi da kyau kar a yar. A duba sunan da ke kan NIN ya zama daidai da na takardar WAEC ko NECO, mu Hausawa muna yawan samun matsala a nan, wani wuri an rubuta Muhammad wani wuri Mohammed, ko an sa sunan kaka a ɗaya babu a ɗaya. Lokacin da na cike nawa, kiredit biyar aka nema har da Turanci da lissafi. Mata kuma don Allah a haƙura da lalle a yatsu, ana ɗaukar hoton yatsa ranar rajista da ranar jarrabawa, na ga wata baiwar Allah a layi ta dawo daga biki hannu ja wur, na'ura ta ƙi karanta yatsunta, tana ta gogewa da gefen hijabi idonta ya ciko.

Wani abu da ya tsaya min a rai shi ne makin shiga. A 2024 mafi ƙarancin makin jami'a 140 ne, na kwalejin ilimi 100, cikin 400. Wato cikin ƙofofin da aka fi saukarwa har da ta waɗanda za a damƙa wa yara 'yan shekara 6. Shi ya sa da yawa ke shiga NCE don sun rasa inda suke so, ba don suna son aji ba, kuma in ka ce kai da kanka ka zaɓa sai a riƙa kallonka kamar ka kasa ne. Wannan yana min ciwo ƙwarai, domin na tsaya a gaban aji na san wuyar koya wa yaro haɗa baƙi da wasali ta fi yadda mutane ke zato nesa ba kusa ba.

To sai maganar kuɗi, wadda yayana ya fi kowa nacewa a kai. Shi shagon POS gare shi, ya ce min "ke ki tsaya ki yi lissafi mana, abin da malami ke jira wata guda ya samu wani a Mile 12 kafin sati ya ƙare ya haɗa shi, in jari kike so ni zan ba ki." Kuma ban ce ƙarya yake ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, Legas ta ce ita 85,000 za ta biya, ka ɗora kuɗin haya da na mota da na abinci a garin nan ka ga me ya rage. Mu na ƙananan makarantun kuɗi ma ba mu kai nan ba, dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, abin da nake karɓa bai kai rabin na jihar ba. Takardar NCE kuma ba ta nufin aikin gwamnati na jira a bakin ƙofa, masu riƙe da ita suna zaune da yawa. Na faɗa wa kaina wannan gaskiyar tun kafin a biya kuɗin fom, don kar gobe in ce an yaudare ni.

Ɗaya ɓangaren kuma, aikin gwamnati in an samu akwai fansho, akwai ƙarin girma, kuma a 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki. Mai NCE zai iya shiga jami'a kai tsaye aji biyu ya ƙarasa digiri, ga dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu. Masu cewa malami na tashi ƙarfe biyu ya huta kuwa ba su taɓa ɗaukar littattafan yara zuwa gida ba, ga makin aiki ga rubuta darasin gobe, sau tari da fitilar waya nake ƙarasawa.

Amma duk wannan lissafin ba shi ne ya sa na cike fom ba. Wata yarinya ce aka kawo ajina a tsakiyar zango, danginta sun taso daga Zamfara saboda rashin tsaro sun sauka wajen kawunta. Takardar da ta biyo ta daga ajin da aka fara sa ta cewa take ba ta magana ba ta ganewa, har ana tunanin ko kunnenta ne. Tana zaune a bencin baya ta ƙanƙame jakar leda a cinya, in an yi magana sai ta kalli bakin na kusa da ita. Lokacin tara da yara suka fita sai na zauna kusa da ita na zube murafen kwalba a kan benci na ce "'yar ƙanwata, ƙirga min waɗannan." Ta ɗago da sauri ta kalle ni, sannan ta fara, ɗaya biyu uku, tana tura su gefe da ɗan yatsa har ta kai ashirin. Na ce in na kwashe bakwai saura nawa, kafin in rufe baki ta ce sha uku. Ashe tallan ƙuli-ƙuli take yi a gida, canji ba ya ɓace mata. Yarinyar da aka ce ba ta ganewa ke nan, malama da Turanci take magana, yara a fili da Yarbanci da Burokin, ita kuwa Hausa kaɗai ta zo da ita.

Irinta suna da yawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, kuma ba laifin malaman ba ne, mutum ba zai ba da harshen da bai iya ba. Tun 2018 dokar jiha ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, ni ban da matsala da hakan, garinsu ne kuma ni ma ina jin sa kamar Hausa. Abin da ke damuna shi ne da wuya ka shiga makarantar gwamnati a unguwannin nan ka tarar da malami ɗan cikinmu. Iyaye mata ba sa zuwa taron PTA don ba za su gane me ake cewa ba, in yarinya ta daina zuwa babu mai bin sawu har gida ya yi sallama ya zauna a tabarma ya tambayi dalili. Ni zan iya wannan, ina ma yin sa yanzu. Abin da ban iya ba shi ne abin da ake koyarwa a kwaleji: yadda ƙwaƙwalwar yaro ke karɓar abu a kowace shekara, yadda ake gane mai matsalar karatu da wuri, yadda ake tsara jarrabawar da za ta auna fahimta ba hadda ba. Yanzu da lalube nake yi, kuma yaran mutane sun fi ƙarfin lalube.

Baba ne na fi jin tsoron yadda zai ɗauki maganar. Na same shi bayan isha yana jin rediyo, na durƙusa na faɗa masa komai har da kuɗin da za a kashe. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce "uwata, kin san filin nan na cikin Ikko da ake kira da sunan Tafawa Ɓalewa? To malamin makaranta ne a Bauchi kafin ya zama firaminista. Malam Aminu Kano ma alli ya riƙe, Shagari ma haka." Na ce "haka ne Baba." Ya ce sharaɗinsa biyu, magariba ta yi min a gida, kuma in na fara kar in ajiye a hanya ko da maganar aure ta taso, duk wanda ya zo zai ji wannan daga bakinsa. Inna ita damuwarta jirgi da cunkoso ne, amma ta ce za ta riƙa ajiye min wani abu daga adashinta.

Akwai tsoro ɗaya da har yanzu yake raina. A 2017 an yi wa malaman firamare na Kaduna gwaji da tambayoyin aji huɗu, sama da 21,000 aka ce ba su kai makin da aka sa ba, kuma da yawansu da takarda a hannu. An yi ta jayayya kan yadda aka yi gwajin, amma ni abin da na ɗauka shi ne mutum na iya shiga kwaleji ya fito bai ƙaru da komai ba in takardar kaɗai ya je nema. Ba na so in zama haka. Shi ya sa nake ɗokin TP, watannin da ake tura ɗalibi makaranta ya koyar malamansa na zuwa suna zama a bayan aji suna duba shi, don tun da na fara koyarwa ba wanda ya taɓa zama ya kalli darasina ya ce nan kin yi daidai nan ki gyara.

Yanzu dai ina jiran a kira tantancewa. Na gaya wa mai makaranta zan ƙarasa zangon nan in miƙa ajin, islamiyya kuwa zan ci gaba da ta Asabar da Lahadi, sannan na samu gida biyu a Ikeja da zan riƙa yi wa yaransu lesin ɗin lissafi don kuɗin jirgi da na handawut. Yayana har yau bai gamsu ba, amma shi ya biya kuɗin fom ɗin.