Wasiƙa daga Ingila zuwa ga ikilisiyoyin Sakkwato

Iyayena fastoci da dattawa, iyaye mata na Zumunta, da 'yan'uwa matasa na Sakkwato da kewaye, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. A yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa. Tambaya ɗaya ce ke ta zuwa daga wajenku ba ƙaƙƙautawa: tunda Kirista na zaune a ɗarare a gida, yaya mutum zai samu mafaka a Ingila? Zan amsa wannan, in faɗi yadda coci ke tsare kanta a nan, sannan in taɓo renon yara da sanyi.

Babu wani abu wai shi bizar mafaka. Ba a bayar da ita a Abuja, ba a bayar da ita a Legas, babu cocin da ke da ikon bayar da ita. Duk wanda ya karɓi kuɗinku da sunan zai samo muku ita, ɗan damfara ne ko da ya zo da Littafi Mai Tsarki a hammata. Sai ƙafar mutum ta taka ƙasar kafin ya nema. Gaskiya ne yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta sa addini cikin dalilai biyar da ake ba da mafaka a kansu, amma tsakanin wannan rubutu da hatimin amincewa akwai tafiya.

Ana fara gajeriyar ganawa: suna, hanyar da aka biyo, hoto, zanen yatsu, da dalilin zuwa a taƙaice. Bayan watanni, wani lokaci fiye da shekara, sai doguwar ganawa ta sa'o'i da jami'in ma'aikatar cikin gida. Abu uku yake nema. Shin kai da kanka ake farauta, ko dai halin da kowa ke ciki kake ba da labari? Shin hukumar Najeriya ta kasa kare ka? Na ukun shi ne mai kayar da mutane: me zai hana ka koma Abuja ko Legas ko Inugu ka zauna? A idonsu Najeriya ƙasa ce mai faɗi, kusan rabin mutanenta Kiristoci ne, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba kowa 'yancin addini. Ga maza abin ya fi tsauri, domin dokar Birtaniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ake ɗauka namiji ba ya cikin haɗari a cikinsu gaba ɗaya, don haka ana iya cewa buƙatarsa ba ta da tushe a kuma toshe masa ƙofar ɗaukaka ƙara.

Ƙananan abubuwa ne ke ɓata shari'a. A ganawar farko mutum ya ce an ƙone shagonsa a watan Mayu, a ta biyu ya ce Yuni, sai a rubuta cewa maganarsa ba ɗaya ba ce. Wanda ya shigo da bizar karatu ya yi shiru har ta ƙare sannan ya nemi mafaka, jinkirin kansa hujja ne a kansa. Takardar da aka rubuta da Hausa sai an kai wa mai fassara da aka amince da shi. Wasiƙar fasto mai cewa "ɗanmu ne, mai tsoron Allah" ba ta da nauyi in babu rana, wuri da abin da ya faru. Tafintan da za a ba ka ƙila bai saba da Sakkwatanci ba. In ka lura yana juya maganarka, ka faɗa nan take a rubuta, don gyara daga baya wahala ne. Duk tsawon jiran nan ba a yarda ka yi aiki ba sai bayan wata 12, shi ma a 'yan sana'o'in da aka ware. Abin da ake ba mutum bai wuce kusan fam 49 a mako ba, kuma ba kai ke zaɓen garin da za a ajiye ka ba. In an ba ka mafakar, komawa Najeriya, ko jana'izar mahaifiya ce, na iya sa a ƙwace ta. Masu ƙirƙiro labarin ƙarya kuwa, ban da zunubin da ke ciki, su ne ke sa a ƙi gaskata wanda da gaske aka kora.

Ba ina cewa tsoron da kuke ji ba shi da dalili ba ne. Kowa ya san yadda taron jama'a ya kashe Deborah Samuel, ɗaliba Kirista, kan zargin ɓatanci a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ranar 12 ga Mayu 2022, da yadda aka far wa majami'ar Holy Family da ke kan titin Ahmadu Bello kwana biyu bayan haka, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Ba a manta da Michael Nnadi ba, ɗalibin aikin limamin Katolika ɗan shekara 18 daga Sakkwato, wanda aka sace a Kaduna aka kashe a 2020. Amma a 2023 wani mahauci Musulmi ma taron jama'a ya kashe shi a cikin garin kan zargin ɓatanci, kuma yawancin waɗanda 'yan bindiga suka kashe a Isa, Sabon Birni da Goronyo Musulmi ne. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Yau tsoron ya shigo gidan kowa.

A nan kuwa kunyar ce ta yi yawa. A ƙidayar 2021 kashi 46 cikin 100 ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59 ne, kuma mutum zai yi shekaru a wurin aiki abokansa ba su san yana zuwa sujada ba. Sai dai akwai abin da suka fi mu: ba sa barin tsaro a baki, rubuta shi suke yi. Bayan harin Manchesta na 2017 da ya kashe mutum 22, an yi doka a 2025 da ta ce duk wurin da ke tara mutum 200 ko fiye, har da wuraren ibada, sai ya tanadi tsari huɗu: yadda za a fitar da jama'a, yadda za a shigar da su wuri mai aminci in haɗarin na waje, yadda za a kulle ƙofofi, da yadda za a sanar da mutane. Babu ɗaya cikin huɗun nan da ke buƙatar kuɗi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisar dattawan ikilisiyarku ta zauna ta zagaya ginin: ƙofa nawa ce, ina take buɗewa? Ƙofar da ke buɗewa ciki, in mutane suka danno ta da gudu ba ta buɗuwa, a nan ake tattake yara da tsofaffi. Ƙofar baya da aka sa wa kwaɗo, makullin na aljihun dattijon da bai zo ba, daidai take da bango. A ba mutum biyu makulli, a buɗe ta kafin a fara waƙa. Babura su tsaya nesa da bakin ƙofa. Masu tarbar baƙi biyu su zauna waje har a tashi, a riƙa juyawa don kada wani ya rasa wa'azi kullum. Malamin makarantar Lahadi ya riƙe sunayen yaran da suka zo a ranar, a kuma faɗa wa iyaye wurin haɗuwa tun da wuri, in ba haka ba uwa za ta koma cikin haɗari neman ɗan da tuni an fitar. A sami akwatin agajin gaggawa da mutum uku da suka koyi tsayar da jini: a danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Lambar 112, ta baturen 'yan sanda na yankin da ta mai unguwa su kasance a manne a bango, ba a wayar mutum ɗaya ba. Masu cewa wannan rashin bangaskiya ne su duba Nehemiya 4:9, inda aka yi addu'a aka kuma sa masu gadi dare da rana.

Matasa, maganar waya. Abin da ya sami Deborah ya faro ne daga saƙon murya a dandalin WhatsApp na 'yan aji. Kada a yi gardamar addini a dandali mai gauraye, kada a tura hoton gawa ko jita-jitar hari kafin shugaban ikilisiya ya tabbatar, kuma a ba mutum biyu ikon goge saƙo. Ɗalibin da aka fara yi wa barazana kada ya tsaya kare kansa. A fitar da shi daga makarantar a ranar, bayani ya biyo baya. Wannan ba ɓoye bangaskiya ba ne. Sa gicciyenka, je sujadarka, amsa sunanka in an tambaya, amma kada ka taɓa abin da maƙwabcinka ke girmamawa.

Shi maƙwabcin nan ya fi katanga amfani. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan 2022 a fili, shi da Bishop Matthew Hassan Kukah na Katolika a Sakkwato kuma sun daɗe suna zama kan teburin sulhu ɗaya. Amma zumuncin manya ba ya kai wa lungu sai fasto ya san limamin unguwarsa da suna, ya je barka da sallah, ya je ta'aziyya, abincin Kirsimeti ya ƙetara katanga. Sau da yawa maƙwabci ne ke fara jin ƙishin-ƙishin, kuma wanda ya saba da shi ne kawai zai kira.

Renon yara a nan magana ce doguwa. Abin da zan ce kawai, ba a barin kowa ya koyar a makarantar Lahadi sai an binciki tarihinsa a wajen hukuma. Sanyi kuwa, a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, tsofaffin majami'un dutse ba sa riƙe ɗumi, ana yin sujada da rigar sanyi da safar hannu. Mai shirin zuwa karatu kada ya sayi rigar a gida, ba za ta ɗauke shi ba. Ya bari sai ya iso.