A ba matasa sifana da littafi, ba riga da hula ba

Aikin ruwa da tsaftar muhalli yana da wani hali: ranar buɗewa kowa na nan, ranar gyara kuwa sai ka nemi mutum ka rasa. Na daɗe ina aikin sa kai a kwamitin ruwa na unguwa, kuma abin da ya fi damuna tun farko shi ne yadda ake kiran matasa. Ba a tunawa da su sai za a yashe magudana, ko a kwashe bola, ko a ɗaga kwalaye ranar 22 ga Maris, ranar ruwa ta duniya. A raba musu riga da hula, a ɗauki hoto, a watse. Zaman da ake yanke inda za a haƙa rijiya da wanda zai riƙe asusun gyara kuwa, ba a gayyatarsu. To me zai dawo da su?

Da aka damƙa min ɓangaren matasa, sharaɗi na gindaya wa dattawan kwamitin: duk aikin da yaran nan suka yi, su za su tashi gaban jama'a su faɗi sakamakonsa, kuma a ba namiji da mace daga cikinsu kujera a kwamiti. An sha ja-in-ja. Wani dattijo ya ce, "Yaron da bai taɓa riƙe gida ba, shi zai riƙe mana amana?" Na ce, "Baba, a gwada su da abin da ba kuɗi ba tukuna." A haka aka tsaya.

Da taswira muka fara. Dabarar ba tamu ba ce, daga tsarin da wani masani ɗan Indiya, Kamal Kar, ya faro a Bangaladash wajen shekarar 2000 muka aro ta, inda jama'a ke zana unguwarsu da kansu, su nuna inda ake bahaya a fili. Matasanmu suka zaga da igiyar awo, suna rubuta tazarar kowane masai da rijiyar da ke kusa da shi. Ƙa'idar da ma'aikatan agaji ke bi ita ce aƙalla mita 30 tsakani, kuma ƙasan ramin ya ɗara matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita 1.5. Da suka karanta adadin gidajen da suka gaza ƙa'idar, babu wanda ya yi musu, domin kowa ya ga lokacin da aka ja igiya a ƙofarsa.

Akwai ɓangaren tsarin da na ƙi ɗauka. A wasu wurare ana ba yara usur su riƙa busa wa duk wanda suka kama ya tsuguna a fili. Yana iya aiki, amma ni ban ga ribar mayar da yaro ɗan sandan iyayensa ba. Kunyar za ta wuce, gabar ta zauna, kuma galibi wanda ake busa wa usur ɗin rashin halin gina masai ne ya kai shi can.

Abin da ya fi riƙe su shi ne gwajin ruwa. Akwai 'yan kwalabe masu sinadari da ake zuba ruwa a ciki a ajiye kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ya koma baƙi, alama ce ta ƙwayoyin cuta irin na kashi. Samarin suka ɗebo daga bakin famfo, ruwa ya fito sumul. 'Yan matan suka ce ba nan matsalar take ba, a ɗebo daga cikin gidaje. Nan kwalabe suka yi ta baƙi. Jarkar da ba a wanke cikinta, mazubi marar murfi, moɗar da ake tsomawa har da yatsu a ajiye a ƙasa: tsakanin famfo da baki ruwan ke lalacewa. Ban yi mamakin cewa su suka gano ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya (UNICEF) na 2023 ya nuna a gidaje 7 cikin 10 da ba su da ruwa a harabarsu, mata da 'yan mata ke ɗebowa. 'Yan matan namu ne kuma suka kawo maganar sakata a ƙofar banɗakin makaranta da wurin da ɗaliba za ta kimtsa kanta lokacin al'ada, abin da duk zaman da muka yi a baya bai taɓo ba. Sai da muka mayar da taro zuwa rana tsaka kafin iyaye su bar su su riƙa zuwa.

Daga nan suka bi gida-gida da kwalbar baƙin ruwan a hannu, wadda ta fi kowace lacca shiga kunne. Suna nuna yadda ake tace ruwa mai dauɗa kafin a sa kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, da cewa a jira minti 30 kafin a sha. Wanda ba shi da kulorin suka koya masa shanya ruwa a gorar roba wadda ake ganin cikinta cikin rana na awa 6, ko kwana 2 idan akwai hadari. Wanke hannu da sabulu ba sai na tsaya a kansa ba, wannan sun fi ni iya tallata shi.

Sai famfon tuƙa-tuƙa. Namu samfurin Afridev ne, wanda aka ƙera don jama'a su iya zaro kayan cikinsa ba tare da babban inji ba. Makanike ya koya musu canza robobin da ke cinyewa, muka ba su sifana da littafi. Kowace safiya wani zai ƙirga tuƙi nawa ake yi kafin ruwa ya zubo. Idan adadin ya fara hawa, akwai yoyo a ƙasa, a nemi roba tun famfo bai tsaya ba. Dattijon nan da ya yi musu tun farko, shi da kansa ya kawo shawarar a ba ɗaya daga cikinsu rubutun asusu, bayan ya ga littafin babu ranar da aka tsallake.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi, amma dole a yi ta. Sa kai yana da iyaka ga wanda ke neman na kansa. Mun amince a cire ɗan alawus daga asusun gyara ga wanda ya yi aikin hannu, sauran kuma su samu takardar shaida da sana'ar da za su iya ci da ita. Kuma matashi ba mazauni ba ne: karatu, neman aiki ko aure zai ɗauke shi. Shi ya sa ba ma miƙa wa kowa sifana sai ya zo da ƙaramin da zai riƙa koya wa.

Aiki ɗaya ne na hana su, ko sun nuna zumuɗi: shiga ramin masai ko tsohuwar rijiya don yashewa. Iskar da ke taruwa a ƙasan irin waɗannan ramuka tana sumar da mutum kafin ya yi ihu, kuma sau da yawa wanda ya bi shi ceto shi ma ba ya fitowa. Wannan sai masu sana'ar, da kayan kariyarsu. Aikin matasanmu a ciki shi ne su rubuta ramin da ya kusa cika, su kai wa kwamiti tun damina ba ta faɗi ba.