Yadda na yi wa 'yar Fijo ta roba fenti cikin hunturu

Ɗan ƙanwar babana ne ya kawo min ita tsaraba daga waje, kwali guda na kamfanin Tamiya na Japan, a ciki Peugeot 405 T16 ce da ake haɗawa da hannu, sikeli 1/24, wato in an gama tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Ita ce motar da Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan ya ci tseren Faris zuwa Dakar da ita a 1990. Ni kuwa tun ina yaro kawuna da ya yi shekaru yana direban babbar mota a hanyar Agadas yake ba mu labarin motocin tseren nan, yadda suke keta hamadar Tenere ƙura na binsu kamar guguwa, shi ya sa da na buɗe kwalin na ga hotonta ruwan ɗorawa shar sai da gabana ya faɗi don murna.

Matsalar farko fenti. Kamfanin yana da nasa na feshi, TS-34 ne kalar da ta dace, amma ba a hawa jirgi da irin gwangwanin nan don yana kama wuta, saboda haka kwalin kawai ya iso. Na shiga kasuwa na sayo fentin feshi na mota yalo, na dawo gida da la'asar, ban wanke jikin motar ba ban goge komai ba, na ɗora ta kan bulo a tsakar gida na danna. Wallahi ko minti goma ba a yi ba na ga rufin ya fara yamutsewa kamar fatar tsohon lemu, tinar da ke cikin fentin ta yi wa robar ƙarfi tana cinta, ga iskar hunturu ta kwaso ƙura da ɗan gashin tsintsiya ta manna a kan bonet. Na zauna ina kallonta har aka kira magariba, raina ya ɓaci sosai don abin ba irin wanda za ka sake samu ba ne a nan.

Washegari na kai ta wajen wani dattijo mai fentin mota a garejin unguwarmu. Ya juya ta a tafin hannu ya ce "Yaro, ka ba ta ta sha ne, ba feshi ka yi ba. Ko babbar mota ai ba a fara mata da kala." Na ce Baba to yanzu ya za a yi, ya ce a wanke a koma farko. Man birki na jiƙa ta a ciki kwana ɗaya a robar abinci mai murfi, na sa safar hannu na goge da tsohon burushin haƙori, fentin ya riƙa saɓulewa. Kar a bar ta ta daɗe a ciki fa, roba na iya yin gautsi. Na wanke da sabulun wanke-wanke har sau uku, na bi inda ya ci da samfefa mai lamba 600 sannan 1000 da ruwa, a nan ne ma na lura da siraran layukan da injin zubi ya bari a kan kafaɗun motar, na goge su suka ɓace.

Sai shafin farko, wanda su masu fenti ke cewa firaima. Shi ne yake shiga tsakanin roba da zafin fentin. Na fara gwada ruwan toka a kan cokalin roba na fesa yalo a kai, ya fito da wani duhu-duhu kamar ya sirka da kore, don yalo kala ce marar kauri, duk abin da ke ƙarƙashinta sai ya nuna. Na koma fari, a kan farin kuwa ya fito tas. Tun daga ranar ba na fesa wa mota komai sai na gwada a cokali tukuna.

Lokacin feshin ma na canza. Bayan sallar asuba iska ba ta tashi ba, mata ba su fara shara ba, sai in yayyafa ruwa a ƙasan zaure, in tsaya da gwangwanin cikin ruwan ɗumi na minti biyar, ɗumi kawai ba mai zafi ba, in girgiza shi sosai. Jikin motar na maƙala shi a wayar hanga da salatif don kar hannu ya taɓa, na ɗaure hanci da takunkumi na bar ƙofa a buɗe don warin ba na wasa ba ne. Tazarar kamar santimita 20, ka fara danna wa a gefe ka wuce ta kan motar ka saki a ɗaya gefen. Zagaye na farko da na biyu raɓa-raɓa ne kawai har farin yana leƙowa, kuma a nan ne zuciya take ce maka ƙara mana ai bai rufe ba, to nan ne dai na lalata ta da farko. Minti goma sha biyar tsakani, sai a na huɗu na ɗan jiƙa shi har ya yi sheƙi. Ina gamawa in kifa mata babban bokitin roba da na wanke, in sa ƙaramin dutse a gefe ɗaya iska ta ɗan shiga. Sati guda na bar ta, uwargida har tana tambaya wai Baban yara bokitin nan ya zama naka ke nan.

Sitikun ta na ruwa ne, sirara kamar fatar albasa. Ka yanko ɗaya ka tsoma a ruwan ɗumi 'yan daƙiƙu, ka ajiye har ta fara zamewa daga takardarta, sannan ka tura ta kan jikin da ka riga ka jiƙa, ka danne da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Ta gefen ƙofa ta yage min don na ja ta da wuri, na haɗa bakinsu da tsinken sakace, har yanzu in na kalla ina ganin wurin ko da wani ba ya gani. Bayan kwana biyu na fesa kiliya, wato fenti marar kala da ake rufe saman da shi, ita ma biyun farko sama-sama don in ta yi yawa tana narkar da sitika. Da ta yi sati biyu na bi ta da samfefa 2000 da ruwa a hankali, ban kusanci kusurwoyi ba don nan fenti ya fi siranta, sai folish da tsohuwar singileti.

Gilas kuwa kar wanda ya kai masa sufa gulu, hucinsa yana sa shi ya yi fari fat. Farin gam na kafintoci na ɗiga da tsinke, in ya bushe ba a ganinsa.

Da na haɗa tayoyi na kai wa kawu. Idonsa ya yi rauni yanzu, ya matso da ita kusa da fuska ya daɗe yana kallo, ya ce "Ita ce, amma ɗana ni ban taɓa ganinta da tsabta haka ba." Da na dawo gida na tankaɗe jan ƙasa da rariyar shayi, na dama da ruwa da ɗigon farin gam, na ɗan shafa da busasshen burushi a ƙarƙashinta da bayan tayoyi da gindin ƙofofi, saman dai na bar shi da sheƙinsa. Tana wajen kawu yanzu a kan rediyonsa, na saya mata akwatin roba mai haske na rufe ta.