A karo na biyar kindirmona ya kama

'Yan uwa masu koyon haɗa kindirmo a gida, yau da asuba na buɗe kula na tsoma cokali, sai ya tsaya cak a tsakiyar roba bai kwanta ba, kuma sai da na kira jikata ta zo ta gani da idonta.

Waɗanda suka san ni sun san lalura ce ta kawo ni wannan aiki. Tun da na karye a wuyan hannu likita ya ce ƙashina ya yi rauni, kuma mace da ta haura shekara 50 tana buƙatar kalsiyam kusan miligiram 1,200 a rana, alhali kofi guda na madara ko kindirmo bai wuce kusan 300 ba. Nonon da ake tallarsa wani lokaci ruwa ya fi yawa a ciki, ni kuwa ba na son in daina tattakin da nake yi kowace safiya a wajen filin wasa na Pantami.

Sanyin hunturun Gombe ne ya hana ni sakat. Sau huɗu ina dafa madara, in zuba iri, wato ɗan tsohon kindirmo da ake sa wa madara don ta kama, in rufe a ƙwarya, gari ya waye in tarar da ita tsararo, sai ɗan tsami kawai. A karo na uku har lita uku na yi asara, kuma da tsadar madara a yanzu abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na zargi irin, na sauya, na zargi ƙwaryar, na koma roba, duk a banza. Ashe laifina biyu ne. Saboda tsoron sanyi ina zuba irin tun madarar tana ƙona yatsa, zafin ya kashe ƙwayoyin da ke yin aikin, waɗanda suka tsira kuma sanyin dare ya kwantar da su kafin su gama.

Jiya na ari ma'aunin zafi, na kai madarar digiri 85, na jira ta sauko zuwa 43, sannan na zuba iri cokali biyu. Na sa robar cikin kular abinci, na zuba ruwan ɗumi a gefenta, na lulluɓe da bargo na tsawon awa takwas ban leƙa ba, wanda shi ne ya fi ba ni wuya.

Ruwan da ya taso a sama ban tsiyaye ba, na juya shi ciki, domin akwai kalsiyam a cikinsa. Kofi ɗaya na sha bayan na dawo daga tattaki, ɗayan kuma na ajiye sai dare da ɗan soyayyen riɗi, tunda jiki ya fi ɗaukar kalsiyam kaɗan-kaɗan a kan a ɗura masa gaba ɗaya. Na ware iri daga wannan, kuma ranar Asabar zan gwada da madarar gari.