Yadda na zaɓi babbar jif don jan jirgin ruwa daga Abuja

Duk mai ajiye ƙaramin jirgin ruwa a Abuja ya san cewa tafkin Jabi ba ya ɗaukar dogon lokaci kafin mutum ya gama zagaye shi, kuma idan ana son ruwa mai faɗi sai an nufi Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, tafiyar kusan kilomita 200. Wannan hanya ce, mai zafi da manyan motoci da gyare-gyaren da ba sa ƙarewa, na sa a gaba lokacin da na fara neman motar da za ta ja nawa jirgin.

Kafin in leƙa wurin dillalai, sai da na san nauyin abin da zan ja. Nauyin da masu ƙera jirgi ke rubutawa na gangar jikinsa ne kawai, babu inji, babu mai, babu tirelar da yake kwance a kanta. Injin da ake maƙalawa a baya mai ƙarfin doki 200 ya haura kilo 200 shi kaɗai, lita 150 ta fetur tana ƙara kimanin kilo 110, ga batura da anga da rigunan ceto, sannan tirela mai tayoyi huɗu ta kawo nata ɗaruruwan kilo. Da na hau ma'aunin manyan motoci, jirgin da takarda ta ce bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba ya tashi a tan biyu.

Wannan lissafi ne ya fitar da Toyota Highlander daga cikin zaɓina, duk da cewa iyalina sun fi son ta. Mai injin V6 an yarje mata jan fam 5,000, wato kusan kilo 2,270, kuma a ganina tazarar da ke tsakanin wannan da tan biyu ta yi ƙanƙanta ga motar da za ta yi sa'o'i tana ja a cikin zafin watan Maris. Ƙari a kan haka, jikinta da shasinta a haɗe suke, saɓanin Land Cruiser da Nissan Patrol da Toyota Sequoia waɗanda aka ɗora jikinsu a kan shasin ƙarfe mai zaman kansa, kuma a jikin wannan shasi ake ɗaure ƙugiyar ja. Land Cruiser 200, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2021, tana jan kilo 3,500 idan tirela tana da birki, amma kuɗinta ya fi ƙarfin aljihuna ko da ta hannu ce.

Na tsaya a kan Sequoia mai injin V8 na lita 5.7, wadda ake ba ta izinin jan kimanin fam 7,000, kusan kilo 3,200. Tazarar tayoyinta na gaba da na baya ta kai mita 3.1, ta Land Cruiser kuwa mita 2.85 ce, kuma wannan tsawo yana rage wa tirela damar kaɗa mota idan tanka ta wuce da gudu. Wani bakanike a Apo ya ƙara mini hujja da cewa injin iri ɗaya ne da na Tundra da Lexus LX 570, don haka kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Amma ya ja kunnena: "Alhaji, ka duba da kyau, da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka tayoyin baya kaɗai ke ja." Amfanin wannan gargaɗi yana bayyana ne a bakin ruwa, domin gangaren da ake tura tirela ciki yana da laka da gansakuka, kuma idan an ɗora jirgi za a fito, tayoyin baya ne ke tsaye a wuri mafi santsi. Da ƙaramar giya mai ƙarfi wadda tayoyi huɗun duka ke ja da ita, motar takan fito a hankali kamar saniya tana hawa tudu, ba tare da an taka totur sosai ba.

Abin da dillalai ba sa ambata shi ne 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, mai nuna iyakar nauyin da motar za ta ɗauka a kanta. Hancin tirela yana danna ƙugiya da kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinta, a wurina kimanin kilo 200, kuma ana cire wannan ne daga rabon fasinjoji da kaya. Mota mai kujeru takwas idan tana ja ba ta ɗaukar manya takwas da kayansu. Haka kuma ƙwallon ƙugiya, wato dunƙulen ƙarfen da hancin tirela ke hawa a kai, na Amurka inci biyu ne, na Turai kuwa milimita 50, bambancin da ido ba ya gani amma yana hana makulli zama daidai.

Na nace a kan motar da ta zo da na'urar sanyaya man giya, domin zafi ne ke kashe giyar atomatik idan tana ja, kuma ina danna maɓallin da aka tanada don jan tirela duk lokacin da tirela ke baya don kada giya ta riƙa sauyawa a kan tudu. Birkin tirela ma ban yi ciniki a kansa ba, tunda a ƙasashe da dama iyakar tirela marar birki kilo 750 ce. Idan na isa Lakwaja nakan bar cibiyoyin tayoyin tirelar su huce kafin in tura su ruwa, saboda ƙarfe mai zafi idan ya sha sanyi farat ɗaya yana tsotso ruwa cikin giris.

Shan mai kuwa babu abin da za a ce da shi sai haƙuri. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, na ware wannan mota ga aikin ja da doguwar tafiya, zirga-zirgar ofis tsakanin Gwarinpa da Wuse kuma na bar wa ƙaramar motar gida.