Tsinkakken Fenti da Sojan Milimita 28

Ƙaramin mutum-mutumin sojan farko da na yi wa fenti yana nan a kan kantata har yau, kuma duk wanda ya ɗaga shi zai ga fuskarsa a shafe, domin ido da baki sun nutse a ƙarƙashin fenti mai kauri da na kwaso kai tsaye daga kwalba. Irin waɗannan ƙananan mutum-mutumi da ake jerawa a wasannin yaƙi na kan tebur, kamar Warhammer 40,000 da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987, yawancinsu tsayinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba. A jikin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba mai sassaƙa ya fitar da maɓalli da igiyar takalmi da tabon kunci, shafi ɗaya mai kauri kuwa ya isa ya binne wannan aiki duka.

Kafin a taɓa fenti akwai share fage. Ina kankare siririn layin da mazubi ya bari da bayan reza, idan kuma sojan na rezin ne, wato wani nau'in roba mai tauri, sai in wanke shi da ruwan sabulu, saboda maiƙon da ke jikinsa yana hana fenti kamawa. Daga nan sai fentin shimfiɗa, wanda shi ne ke riƙe duk abin da zai biyo baya. Na fi son in fesa baƙi ko'ina, sannan in fesa fari daga sama kawai, kamar rana ta take tsaka, ta yadda kafaɗu da kai za su yi haske, hammata da ƙasan riga su zauna cikin duhu. Tun daga nan hannu ya san inda inuwa take. A lokacin hunturu nakan yi hattara da gwangwanin feshi, domin busasshiyar iska tana busar da fentin kafin ya sauka, sai jikin sojan ya yi garas-garas kamar an barbaɗa masa yashi.

Zuciyar aikin ita ce tsinka fenti. Ko na Citadel ne, wato fentin Games Workshop, ko na kamfanin Vallejo da ake yi a Sifaniya, fentin akirilik ne da ake sirkawa da ruwa, kuma nakan ɗiga masa ruwan har ya koma kamar madara. Ina gwada shi a bayan babban yatsana: idan ya rufe zanen fata ya yi kauri, idan ya gangara ya taru wuri ɗaya ruwa ya yi yawa. Shafin farko kullum yana fitowa da dabbare-dabbare, a nan ne sabon shiga yake karaya ya ƙara kauri, alhali abin da ake buƙata shi ne a bar shi ya bushe sarai a sake shafa na biyu, launuka irin su rawaya da fari ma har na uku ko na huɗu. Abin da ya sauƙaƙa mini wannan shi ne jiƙaƙƙen faranti, wato ƙaramar roba mai murfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a ciki, a ɗora takardar gashin kek a kai. Danshi yana ratsowa ta takardar, fentin da zai bushe cikin 'yan mintuna sai ya daɗe yana aiki.

Bayan launukan tushe sai ruwan inuwa, wato tsinkakken fenti mai duhu, wanda yake gangarawa cikin lunguna ya fitar da su. Baƙin ruwan inuwa mai suna Nuln Oil nake sa wa ƙarfe, mai ruwan ƙasa kuma, wato Agrax Earthshade, ga fata da katako, ina tsane duk inda ya taru da bakin buroshi kafin ya bar tabo. Gashi da sulke mai sarƙa ba sa ba ni wahala, domin tsohon buroshi da aka goge fentinsa a takarda har ya kusa ƙarewa, idan aka shafa shi sama-sama, tudun kawai yake kamawa.

Fentin Citadel mai suna Contrast da ya fito a 2019 yana haɗa launi da inuwa a shafi ɗaya, kuma ga mai runduna ta sojoji hamsin da ke jiran wasa babu laifi a cikinsa. A ganina dai ba ya kyau a kan faffaɗan sulke mai santsi, inda yake barin zane, don haka jagoran runduna har yanzu da hannu nake bin gefen sulkensa, ina jan gefen gashin buroshi maimakon tsininsa, gwiwar hannuna biyu a kan tebur, tafukana a manne da juna don kada hannu ya yi rawa.

Ido nake yi kafin in kammala fuska: ɗigon fari mai ɗan duhu, siririn layi baƙi a tsaye, sannan in gyara gefe da launin fata. A ƙarshe nakan shafa ruwan kariya marar sheƙi da buroshi, tun da na taɓa fesa shi a ranar damina mai laima, sojoji biyar suka yi fari fat kamar an bi su da gari.